Tsoho Mai Tanti da Masu Tare Jifa

Sunansa na yanka Mukhtaru, amma tun yana cikin tsumma ake kiransa Tsoho, saboda sunan kakansa aka mayar masa, uwarsa kuma ba za ta iya kama sunan surukinta ba. Haka ya yi rarrafe yana Tsoho, aka yi masa kaciya yana Tsoho, har ranar da furfura ta tsiro masa a gemu mutanen unguwar Jarwal suka ce to madalla, yau dai mutum ya cim ma sunansa.

A Makka aka haife shi. Ubansa ya taso daga ƙasar Haɗeja a ƙafa, ya yi shekara bakwai a hanya yana tsayawa noman auduga a Sudan, ya ƙetare teku daga Sawakin, ya sauke farali, ya ce bari ya ɗan huta kafin ya juya. Hutun nan bai ƙare ba har aka kai shi maƙabarta. Tsoho bai taɓa ganin Haɗeja ba, amma in yana ba ka labarinta sai ka ɗauka shekaranjiya ya baro ta.

Wata tara a shekara ɗan ga-ruwa ne. Zai cika garwa biyu a bazan, wato wurin ɗibar ruwan unguwa, ya rataya su a sanda, ya hau benayen mutane har hawa huɗu. Sauran wata ukun na alhazai ne. Yana aiki a ƙarƙashin Sayyid Abdulganiyyu, muɗawwifin da ke saukar baƙi daga Hindu da Pakistan yana nuna musu aikin hajji. A gida Tsoho Hausa yake yi, a titi Larabci, da baƙi kuma wata Urdu da ya tsinto guntu-guntu, wadda ba ta da ado amma tana isar da saƙo.

Abin alfaharinsa a duniya ɗaya ne: babban tantin dattawa a Mina. Ubansa ne ya fara kula da shi, shi kuma ya gada, kuma shekara goma sha tara ba a taɓa ɗaga murya a ciki ba. Wanda bai yi aikin Mina ba zai ga abin kamar ƙarami. Amma a tara tsofaffi arba'in a inuwa ɗaya, ga zafi, ga gajiya, ga randa ɗaya, kuma kowannensu ya ɗaura harami, lokacin da Allah ya hana alhaji jayayya. Tsoho ya san mai minshari tun daga tafiyarsa, ya shimfiɗa masa kusa da kurma. Ya san wanda zai yi ta fita kewaye, ya ba shi bakin ƙofa. In ya ga fuskoki biyu sun fara ɗaurewa, kafin baki ya buɗe shayi ya iso tsakaninsu.

Sai shekara ta 1371 bayan hijira, da hajji ya faɗo a tsakiyar zafi, jirgin ruwa ya sauke wa Sayyid wasu dattawa biyu daga Lahor. Haji Sikandar dogo ne siriri, tsohon akawun jirgin ƙasa, mai magana kamar yana karanta takarda. Haji Barkat gajere ne mai tumbi, mai sayar da yadi, wanda ko sallama zai yi sai ya yi ta da hannu biyu. Maƙwabta ne shekara talatin, 'ya'yansu sun auri juna, kuma tun daga tashar jirgi suke gardama a kan abu ɗaya.

Sai da Tsoho ya yi kwana uku yana kai musu ruwa kafin ya gane a kan me. Da farko ya ɗauka gado ne. Daga baya ya ɗauka malamai biyu ne suka saɓa a wata mas'ala, don ya ji sunaye biyu suna ta dawowa, kowa in ya ambaci nasa sai ya ɗaga yatsa sama. Ashe wani wasa ne da ake yi a ƙasarsu, kurket, kuma tambayar ita ce wane ne gwanin bugu a duk Pakistan. Sunayen sun ƙi zama a harshen Tsoho, sai ya raɗa musu nasa. Na Haji Sikandar, wanda aka ce yana iya wuni a fili ba a fitar da shi ba, ya kira shi Dutse. Na Haji Barkat, wanda aka ce yana tura ƙwallo har bayan katanga sannan a fitar da shi kafin azahar, ya kira shi Guguwa.

Sun yi umra sun kwance harami, saura sati uku a fita Mina, ba su da aiki sai salla da wannan gardama. A kan tuwon shinkafa suna yi. A hanyar masallaci suna yi, su ajiye ta a ƙofa tare da takalmansu, in sun fito su ɗauka duka. Haji Sikandar yana da wani ɗan littafi da ya cika da lambobi, Haji Barkat kuma ya ce lambobi na akawu ne, shi abin da zuciya ta gani yake faɗa.

Ran nan Sayyid Abdulganiyyu ya kira Tsoho. Bai yi faɗa ba, don ba ya faɗa. Yana jan carbinsa ya ce maƙwabta sun kawo ƙara, ya ce mutanen nan biyu a tantin dattawa za su zauna, kuma bai kawo bayin Allah daga Lahor don su zubar da ladansu a kan masu buga ƙwallo ba.

"Ranar takwas ga wata za su ɗaura harami, ya Tsoho. In na ji muryarsu daga tantinka bayan nan, halas, magana ta ƙare, baɗi Garba ne zai kula da shi. Kai ka koma wajen itacen girki."

Garba abokin aikinsa ne, mai kula da ƙaramin tanti na kusa da garken raƙuma, wanda ya shekara shida yana kallon babban tantin kamar yadda mai azumi ke kallon randa. Ba mugu ba ne. Amma tun daga ranar, duk inda suka haɗu sai ya gaishe da Tsoho da ladabi ya tambaye shi ko ya fara koyon faskare.

Tsoho ya fara gwada abin da ya sani. Ya raba musu ɗaki, ɗaya a hawa na biyu ɗaya a na huɗu. Suka koma yi ta matakala, mutanen hawa na uku suka shiga uku. Ya mayar da su wuri ɗaya.

Sai ya tuna yadda yake jin malamai a masallaci, in an kawo musu zance sukan tambayi wanda ya gani da wanda ya ji daga wa. Ya zaunar da dattawan, ya zuba musu shayi, ya tambayi kowanne ko ya taɓa ganin gwaninsa da idonsa yana bugun. Haji Sikandar ya ce shi a jarida yake bi. Haji Barkat ya ce shi a rediyon shagon ƙaninsa. Tsoho har ya fara murmushi, sai Haji Sikandar ya ce ai jarida ta fi rediyo inganci, tunda ita rubutacciya ce. Haji Barkat ya ajiye kofinsa. Aka sami gardama biyu a inda da ɗaya ce.

Ya koma gida ya zauna a ƙofar ɗaki bai taɓa abincinsa ba. Matarsa Ramlatu, wadda ita ma duk shekara take yi wa alhazai girki a Arfa, ta saurare shi har ƙarshe tana tsince shinkafa. Ta ce ita abin da ta gani shi ne yana son raba rigimar da bai san kanta ba bai san gindinta ba.

"Malam, ka ce su yi wasan a gabanka mana. Ka gani da idonka, ka yanke musu hukunci, kowa ya huta."

Ranar bakwai ga wata, bayan la'asar, aka hau rufin gidan baƙi. Dattawan nan biyu, da jin alƙali ya samu, suka koma kamar 'yan shekara goma. Haji Barkat ya zaro turakun tanti uku daga kayan da aka ɗaure don Mina, ya kafa su a jere cikin wata tsohuwar garwa da aka cika da yashi. Ƙwallo kuwa goruba ce aka naɗe da tsumma. Abin bugu ne ya yi wuya, sai da aka aika gidan Tsoho aka aro babbar muciyar Ramlatu, ta tuwon taro, bisa sharaɗin za ta dawo kafin magariba kuma ba tsagewa.

Haji Sikandar ya tsaya gaban turakun ya riƙe muciya, ya ce shi ne Dutse. Haji Barkat ya ja baya har ƙarshen rufin, ya tattare zanensa, ya taho da gudu tumbi na gaba yana bin sa, ya wurga gorubar. Haji Sikandar ya sa muciya ya tare, goruba ta faɗi a gabansa. Ya dubi Tsoho da fuskar wanda ya gama huɗuba. Aka sake, ya tare. Aka sake, ya tare. Sannan suka yi musaya, Haji Barkat ya zama Guguwa, ya kai wa gorubar wani duka da ya juya shi sau ɗaya da rabi, ita kuwa ta wuce abinta ta kwantar da turke ɗaya. Ya ce ba a shirye yake ba. A karo na biyu ya same ta, ta tashi sama ta ƙetare rufi biyu ta sauka a gidan wani maƙwabci mutumin Jawa, aka ji kaji sun watse.

Duka biyun suka juyo suna haki, suna jiran hukunci.

Tsoho bai yi dariya ba. Tun jifa na biyu fuskarsa ta canja. Yana kallon turaku uku a tsaye, yana kallon mutum ya taho daga nesa yana jifansu, yana kallon wani ya gindaya jikinsa a tsakani. Shi kuwa tun yana saurayi aikinsa ke nan a Mina: ya kama hannun tsofaffi ya ratsa da su cikin turmutsutsu har gaban ginshiƙai uku, su jefi Shaiɗan.

Ya tambaya a hankali, don ya tabbatar. Mai jifan, turakun yake nufi? Suka ce ƙwarai. Mai muciyar kuma aikinsa ya hana jifan isa? Suka ce ya fara ganewa. Kuma wanda ya fi kowa hanawa, shi ake ɗauka a kafaɗa?

"Haji Sahib," in ji Tsoho, ya dubi wannan ya dubi wancan, "kun sayar da kaya, kun hau teku kwana goma, kun zo garin da ake jifan tsayayyu uku, kuna tambayata a cikin mutum biyu wane ne ya fi iya tare musu jifa? Ni dai a wajena duka biyun sai addu'a."

Haji Sikandar ya zauna a kan garwa. Sannan, karo na farko tun daga Lahor, suka dubi juna da ido ɗaya. Haji Sikandar ya ce wannan bawan Allah bai fahimci komai ba. Haji Barkat ya ce ko kaɗan, ko ƙwayar gero. Suka sa shi a tsakiya, ɗaya a dama ɗaya a hagu, suka fara daga farko. In Haji Sikandar ya rasa kalma Haji Barkat ya miƙo masa. In Haji Barkat ya yi bayani Haji Sikandar ya ce daidai, daidai. Aka kira magariba ba wanda ya ambaci Dutse ko Guguwa.

Tsoho ya sauko da muciya a kafaɗa yana jin kunyar jahilcinsa. Sai da ya kai tsakiyar matakala ya tsaya cak. Ya saurara. Daga sama ba abin da ke saukowa sai muryoyi biyu suna shawarar ta inda za su ɓullo masa gobe. Ya ƙarasa gida yana tafe yana dariya shi kaɗai, har Ramlatu ta karɓi muciyarta ta shinshina bakinsa.

Washegari aka ɗaura harami aka fita Mina. Jayayya ta haramta, amma ba wanda ya hana koyarwa. Duk lokacin da aka idar da salla aka gama zikiri, zafi ya kwantar da mutane, sai dattawan su jawo Tsoho gefen tanti su share yashi su zana masa fili. Suna magana ƙasa-ƙasa, da haƙuri irin na masu jinyar mara lafiya. Turakun ba kowa ba ne, Mukhtar bhai, ɗan'uwa, itace ne kawai. Tsoho ya gyaɗa kai ya ce ɗayyib, to in itace ne kawai me ya sa ake jifansa? Su numfasa su sake.

Matsalar ita ce Tsoho ba daƙiƙi ba ne. Kafin a dawo daga Arfa ya gane wasan sarai. Ya san dalilin da ya sa masu bugu biyu ke musayar wuri da gudu, ya san abin da ke fitar da mutum, har ya fara ganin inda Haji Barkat ke kuskure a bayaninsa. Rashin ganewa ya zama masa aiki, kuma ya fi hawa bene da garwa biyu wuya. Sau ɗaya bakinsa ya suɓuce ya ce ai wannan an cafe ta a sama, ya fita. Dattawan suka zabura da murna. Dole ya yi maza ya tambaya ko wanda ya fita ɗin gida yake tafiya ko kurkuku.

Ranar jifa ta farko ya kai su da kansa. Haji Sikandar ya jefa tsakuwarsa bakwai a natse. Haji Barkat kuwa, da ya hango ginshiƙin, sai Tsoho ya ga yana ja da baya yana ƙirga taku. Ya kama gefen haraminsa ya raɗa masa cewa nan ba a tahowa da gudu.

A rana ta biyu ta jifa, da hantsi, Garba ya leƙo aron tulu. Ya ga dattawan a zaune kafaɗa da kafaɗa, ya ga tantin shiru, ya ga shekara ta bakwai tana shirin wuce shi. Ya gaishe su da Urdunsa da ta fi ta Tsoho karyewa, ya ce shi ma yana sha'awar wasan nan, sai dai abu ɗaya ne bai ji ƙarshensa ba: tsakanin mutanen nan biyu, wa ya fi?

Tsoho ya ga hannun Haji Sikandar ya nufi jakar da ɗan littafin nan yake. Ya ga ƙirjin Haji Barkat ya cika da iska. Ta ɓular tanti kuma ya hango farar lemar Sayyid Abdulganiyyu tana tahowa tsakanin igiyoyi. Shayi ba zai iso a kan lokaci ba.

"Ku tsaya," in ji shi. "Jiya kun ce mai jifa sau nawa yake jefawa kafin a canja shi?"

Suka ce shida, baki ɗaya.

"To ai ga inda wasanku ya lalace. Jifa bakwai ne. Duk wanda ya yi shida ya tsaya, da saura a kansa. Shekara nawa kuna yi a haka ba wanda ya gaya muku?"

Haji Sikandar ya saki jakar ya dafe goshi. Haji Barkat ya saki iskar da ya tara a hankali, kamar salka ta huje. Ya ce wa abokinsa kwana huɗu, kwana huɗu cur, kuma mun dawo rufin bene. Haji Sikandar ya ce kada ya karaya, su sake gwadawa ta wata hanya. Suka juya wa Garba baya, suka share yashi.

Sayyid ya tsaya a bakin tantin ya daɗe yana saurare. Kakarsa ta wajen uwa mutuniyar Bombai ce, kawunnansa sun sha ba shi labarin wasan. Da Tsoho ya fito ɗebo ruwa, ya yafito shi gefe ya tambaye shi tun yaushe ya gane.

"Tun Arfa, Sidi."

"Ɗayyib. Ka ci gaba da rashin ganewa." Ya dubi Garba da ke tsaye da tulu. "Kai kuma raƙuma suna nemanka."

Tantin ya zauna a hannun Tsoho har ƙarfinsa ya ƙare. Dattawan sun koma Lahor da ladansu, da kuma labarin wani mutumin kirki a Makka wanda Allah bai ba shi fahimtar kurket ba. Labarin ya yaɗu. Baɗi wasu uku suka sauka suna tambayar inda yake, kowanne yana da tabbacin shi ne zai fahimtar da shi. Wani malamin makaranta ya zo masa da zane a takarda. Wani ya taho da ƙwallon gaske, ja mai ɗinki, a cikin kayan haraminsa. Duk wanda ya shigo tantin da gardama a bakinsa, ta siyasa ce ko ta gado, sai a nuna masa Tsoho, ya manta da tasa. Garba ma daga baya ya zama mai taya shi, in tambayoyin wauta sun ƙare masa shi yake kawo sababbi.

Abin da mutanen Lahor ba su sani ba ya faru ne a gida, bayan alhazan shekarar farko sun watse. Ramlatu tana kankare muciyarta ta ce to, yanzu da ba kowa, tsakani da Allah wa ya fi?

Tsoho ya ce Dutse mana, wannan ai ba abin tambaya ba ne. Duk wanda ya taɓa ɗaukar ruwa a watan zafi ya san tsayuwa a rana tun safe har yamma ita ce jarumta.

Ramlatu ta ce wannan maganar ɗan ga-ruwa ce. Mutum ya yi aikinsa da ƙarfi, ya ciyar da jama'a, ya koma inuwa kafin azahar, shi ne mai hankali. Wancan da ya wuni yana taɓa ƙwallo kamar mai tsoron ta fashe, in ita ce matarsa ba za ta ajiye masa abinci ba.

Tsoho ya ce ba ta fahimci wasan ba. Ta ce da muciyar wa aka buga shi?

Shekara ashirin da biyu da aure maƙwabta ba su taɓa jin kansu ba sai ranar. 'Yarsu Rabi'atu ta taho daga gidan mijinta a guje tana zaton an yi rasuwa, ta tarar da uwarta ta kafa ludayi uku a cikin kwanon gero tana nuna wa ubanta yadda ake duka. Daga nan abin ya zauna musu. Sukan yi ta yi a kan tuwo har shekara ta zagayo, ranar bakwai ga watan hajji kuma su ajiye, don gobe akwai harami. Sai an sauko daga Mina an wanke tukwane, Ramlatu ta rataye muciya a ƙusa, ta ce, "Malam, ina muka tsaya?"